Tawul Huɗu na Matusha Anisia

Lagireton bas ɗina ya zaɓi ya tafasa daidai rijiyar bakin kasuwa, wato wurin da muke kira kasuwa don girmama tarihi, tunda abin da ya rage a wajen benci biyu ne da wani kare marar ubangida. Na buɗe bonet, na zaro sandar gwada mai, hannuna ya yi dumu-dumu. Ban duba ba na zura ɗaya hannun ta taga, na jawo ƙyallen farko da na taɓa a aljihun gaban mota. Na goge yatsuna ɗai-ɗai, na goge sandar, na ƙara da goge ƙeya saboda gumi. Ina cikin yi wa injin faɗa, ina tuna masa irin gwangwanin da aka ƙera kakansa da shi, sai na ji kukan akuya a bayana.

Matusha Anisia ce tsaye riƙe da igiya. Matusha muke ce wa duk tsohuwar da ta isa ta ja maka kunne a bainar jama'a, ko da ba ku haɗa jini ba, kuma ni da ita ba mu haɗa ba. Ba fuskata take kallo ba, hannuna take kallo. Na sunkuya na duba. Farin tawul ne saƙar hannu, da jajayen zakaru a kowane baki, ko kuwa in ce fari ne kafin ya haɗu da ni. Ita ta saƙa shi. Ita ta ɗaura mini shi a damtse 'yan watanni kafin nan, ranar da ta yi sadakar mutuwarta tun tana raye, don in kasance cikin waɗanda za su ɗauki gawarta.

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba a garin nan, ni da na taɓa sa jami'in kan iyaka dariya har ya manta bai buɗe but ɗin motata ba, sai na ji bakina yana cewa, "Matusha, ƙarfinsa nake gwadawa."

Ta ja igiya ta wuce. Akuyar ce ma ta waiwayo ta ƙara kallona.

Sunana Trofim, direba ne ni. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina jigila tsakanin ƙauyenmu Frasinel a Moldova da birnin Padova a Italiya. In tafi da mutane, in dawo da kwalaye: taliya, man zaitun, garin sabulu, takalman da yaran Italiyawa suka gaji da su. Rahar da nake buɗe tafiya da ita ita ce, Moldova ba ta da man fetur, ba ta da teku, amma Allah ya hore mata inna da goggo, su muke fitarwa waje. Akan yi dariya har mu ƙetare iyaka. Daga nan motar takan yi tsit, sai ƙarar taya da jan majina.

An haifi Anisia 'yan shekaru bayan babbar yunwar da ta biyo bayan yaƙi, shi ya sa har yau in gutsuren burodi ya faɗi ƙasa sai ta tsince shi, ta hure, ta sumbace shi. Tun tana budurwa ta shiga rumfunan taba na gandun gwamnati, tana zura ganye a zare daga safe har rana ta faɗi, har yatsunta suka yi rawaya ba su ƙara komawa yadda suke ba. A can Gavril ya gan ta. Gavril maginin rijiya ne, gajere mai faɗin kafaɗa, mutumin da ya fi sakewa a cikin rami fiye da a cikin jama'a. Tsofaffi sun ce bai nemi aurenta da baki ba. Rijiya ya haƙa a ƙofar gidan ubanta, da ruwa ya fito ya zauna a bakinta yana jira a gane nufinsa.

Ni a kicin ɗin makaranta na san ta, don daga taba can ta koma, ta yi shekaru tana dafa wa yaran gari abinci. A lokacin sai an raba mu kashin safe da kashin yamma, aji ba ya ɗaukarmu. Ludayinta aiki biyu yake yi, zuba miya da gyara tarbiyya. Ranar da na kwaikwayi tafiyar hedimasta a kan layin abinci, shi kuma yana tsaye a bayana, na sha ludayin a bayan hannu har sau biyu. Da hedimastan ya fita ta ƙara mini nama a kwano ba ta dube ni ba, tana danne dariya.

Da gandun gwamnati ya rushe aka yanka wa kowa fili, ba tarakta, ba iri, ba mai sayen abin da ka noma. Sai aka fara tafiya. Ɗan Anisia, Matei, ya bi ayarin magina zuwa Ireland. 'Yarta Zinaida kuwa ita da kanta ta kawo ta bakin motata, da ƙunshin waina mai cuku da sauran ɗuminta, ta ce mini amana ce, shekara biyu in dawo mata da ita. Na ce shekara biyu cif, a kan wannan kujerar, kusa da taga. Haka nake gaya wa kowace uwa. Zinaida ta yi kuka har cikin Hangari. Yanzu furfura ta fara fito mata a Padova, inda take kula da wata tsohuwar Ba'italiya sa'ar uwarta, ta yi mata wanka, ta taje mata gashi, ta ba ta abinci a cokali. Matusha Anisia tana da hoton matar nan a kan kabad, kusa da na jikokinta. Duk waya sai ta tambayi yadda hawan jinin tsohuwar yake, ta kuma ba da shawarar ganyen da za a dafa mata.

Makarantar ma an rufe ta. Da farko ana kwashe yaran da suka rage a mota zuwa ƙauyen gaba, daga baya motar ta daina zuwa, don ba wanda za ta ɗauka. Babbar tukunyar kicin ɗin tana tsakar gidan Matusha, a ciki take ajiye masarar akuya.

Abin da ya juya rayuwarta shi ne jana'izar Gavril.

A wurinmu dangi ba sa ɗaukar nasu. Ɗa ba ya sa kafaɗa a akwatin ubansa, ƙane ba ya haƙa kabarin wansa, sai a ce gaggawar rabuwa da shi kake yi. Maza huɗu bare ake nema, a ɗaura wa kowanne sabon tawul a damtsen hagu, su ɗauka a kafaɗa daga gida zuwa coci, daga coci zuwa maƙabarta a kan tudu. A kowace rijiya da kowace mararraba a sauke, limamin coci ya yi addu'a, a miƙa wa wani mutum burodi da kyandir ta saman akwatin. Haka aka kai kakanninmu, ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin wata rana mazan ne za su yi wuya.

Gavril ya rasu ne a lokacin da 'yan mazan da suka rage suke aikin gonaki a Jamus. Ni kuma ina kan hanya, can wajen Sulobeniya, da mota cike da kwalaye. Matei ya iso ta jirgi, ga shi ƙato kamar ƙofar sito, amma ɗa ne, sai dai ya tsaya ya riƙe hula. Aka zaga gari aka samu tsofaffi biyu, suka ɗaga akwatin zuwa bakin ƙofa suka ajiye suna haki. Ƙarshe dai taraktar mutumin da ya karɓi hayar gonakin gari aka aro. Aka wanke tirelar da ake kwasar taki da ita, aka shimfiɗa darduma. Mai taraktar ya faɗa tun farko cewa in ya kashe injin ba zai sake tashi ba, don haka ba zai tsaya ba, sai dai ya rage gudu. Haka aka yi. Limamin coci yana sassarfa a gefe yana addu'a cikin hayaƙin gas, mutumin da ya haƙa rabin rijiyoyin garin nan yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, yana tsalle a bayan tarakta kamar buhun dankali. Anisia tana biye da ƙafa, rungume da burodin da ba a samu tsayawar da za a raba shi ba.

Da na dawo na je gaisuwa. Bakin nan nawa ba ya iya zama a gidan makoki, sai na ce ai ko ba komai Baba Gavril ya hau mota kyauta sau ɗaya a rayuwarsa. Ta dube ni irin kallon da ke zuwa kafin ludayi.

Ta ce, "Ni a kafaɗa zan tafi, Trofim."

A satin ta kafa masaƙa a babban ɗaki, wanda ba a shiga sai ranar biki. Ta yi hunturu guda tana saƙa tawul huɗu, kowanne da zakarunsa, ta naɗe su ta sa a akwatin kayan mutuwarta tare da rigar da za a sa mata da ɗankwali da takalmi sabo. Sannan ta shiga zaɓen maza. Aikin ba sauƙi, don rabin garin danginta ne ta uwa ko ta uba. Ta fara da Sava mai zuma. Ya amsa da hannu biyu, kafin shekara ta zagayo ya sayar da amyoyinsa ya shiga motata. Ta maye gurbinsa da mai gyaran lantarki, shi ma ya shiga motata. Duk wanda ta sa wa ido, kafin inabi ya nuna sai ka gan shi a kujerar bayana rungume da jaka. Har zance ya bazu cewa tawul ɗin Matusha Anisia ya fi biza aiki, in kana son fita waje ka je ta zaɓe ka. Ni na ƙirƙiro zancen. An yi dariyarsa har a Padova.

Da ta ga alkawarin baki ba ya riƙe namiji, sai ta yanke shawarar yin sadakar mai rai. A da marasa 'ya'ya ne ke yin ta, su yi wa kansu sadakar mutuwa tun suna numfashi saboda ba wanda zai yi musu, mutane su ci suna tausaya musu a ɓoye. Yanzu masu 'ya'ya ke yi, 'ya'yan su aiko da abin sayen nama.

An jera tebura a tsakar gidanta ƙarƙashin inabi. Ta yi kwana biyu tana naɗe shinkafa da nama a ganyen kabeji, ta dafa alkama da zuma, ta gasa burodi mai kitso, kowanne da kyandir a soke. Girkin makaranta ta yi, na yara ɗari, mu kuwa da muka zo ba mu cika tebur biyu ba. Limamin coci ya iso a makare saboda ƙauyuka uku yake riƙe da su. An jingina waya da tulun giyar inabi don Zinaida ta gani, tana magana ƙasa-ƙasa daga wani kicin a Padova saboda tsohuwarta tana barci. Matusha ta rabar da gado da katifa, tebur, kujera, kwanuka, bokiti cike da ruwa, don abin da ka bayar a nan shi za ka tarar a can. Mutanen da suka karɓa duk suna da irin kayan a gida sun rasa yadda za su yi da su, na 'ya'yansu da suka tafi.

Na tambaye ta yaya mutum yake ji in yana cin abincin mutuwarsa. Ta ɗanɗana, ta ce gishiri bai ji ba, gara da ta zo da kanta ta duba.

Daga nan ta fito da tawul ɗin. Mu huɗu muka miƙe. Onisim mai waƙar coci, ya haura saba'in, muryarsa ta fi ƙirjinsa girma. Nikanor, wanda ƙarfinsa ke nan daram har zuwa azahar, daga nan kwalba ta karɓi aiki. Sava mai zuma, da ya dawo daga Fotugal da ƙarfe a gwiwa ba zuma ba kuɗi. Sai ni, yaron cikinsu, mai shekara hamsin da 'yan kai. Bayan mu huɗun nan, duk namijin da ya rage a Frasinel ko danginta ne, ko kuwa shi ma jiran masu ɗaukarsa yake yi.

Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ɗaurawa a damtsen hagu, tana miƙa burodi da kyandir a kunne. In an ba ka sadaka irin wannan kalma ɗaya ake faɗa, bogdaproste, wato Allah ya gafarta. Ka faɗe ta, sadakar ta isa inda aka aike ta, kai kuma abin da aka ɗora maka ya hau kanka. Da ta zo kaina ta ce ni zan riƙe wajen kai, nan nauyin yake. Na ce ai kowa ya san kan Matusha ne mai nauyi, hedimasta ma ya shaida. Aka yi dariya, har Zinaida ta toshe baki a cikin waya. Na ɗaga burodin sama na ce bogdaproste da muryar da ta fi ta Onisim.

Alhali a ranar na riga na san zan tafi.

Matata Raisa ta shekara goma sha biyar a Padova. Ni mijin ƙarshen mako ne, in kwana ɗaya a wurinta in juyo. Fasinja sun ƙare, masu tafiya sun tafi, 'yan kaɗan da ke zirga-zirga jirgi suke hawa. Sau da yawa daga ni sai kwalaye nake ba wa labari. Raisa ta samo mini aikin raba burodi a mota, ta kama ɗaki mai ɗan faɗi, wani mutum daga garin gunduma kuma ya zo ya ƙwanƙwasa tayoyin bas ɗina muka daidaita, zai karɓa bayan yankan inabi. Duk wannan yana cikina na ci kabejin Matusha har sau uku. Da na koma mota na kwance tawul ɗin na cusa a aljihun gaba, don in ya shiga gida zai riƙa kallona. A nan ya zauna har ranar da lagireto ya tona mini asiri.

Na yi kwanaki ina wanki. Na ɗebi garin sabulun Italiya daga kwalin wata baiwar Allah, na jiƙa, na cuɗa. Na gwada fetur, na gwada lemon tsami. Ina shanya shi a bayan gida inda ba mai gani, ko da yake gidajen da ke kewaye da ni duk kwaɗo ne a ƙofofinsu, ciyawa ta kai taga. Farin ya koma ruwan toka, zakarun suka koma kamar kajin da aka tsamo daga kwata. Ina kallonsa a kan igiya sai wata dabara ta zo mini, irin dabarun da ke zuwa wa matsoraci: tunda ya lalace, ai ga dalilin mayarwa.

Amma ba na son in je hannu rabbana. Na shiga garin gunduma wurin wani kamfanin jana'iza da aka buɗe don irinmu. Samari ne sanye da baƙaƙen kwat da fararen safar hannu, da doguwar baƙar mota mai sheƙi. Manajan ya ce sukan ɗauka a kafaɗa daga ɗaki zuwa bakin titi, a ɗauki bidiyo don dangin da ke waje, daga nan sai mota. Na tambaye shi tsayawa a rijiyoyi fa. Ya ce rijiya nawa ce. Na fara lissafa su da sunayensu, ta bakin kasuwa, ta gidan Gavril, ta ƙarƙashin tudu, sai na ga yana duba agogo, na bar lissafin.

A hanyar dawowa na tsaya na gwada ɗingishi a gaban gilashin mota, hannu a ƙugu, fuska a yamutse. Ya yi kyau. Da ma tun ina yaro kwaikwayo ne abin da na fi iyawa.

Na same ta da hantsi tana juye mamaliga a kan katako, tuwon masarar yana tururi, tana yanka shi da zare. Ba a magana a gidanta kafin a ci, don haka na zauna da nishi mai tsawo, ta turo mini cuku da tafarnuwa. Na ci. Sannan na zaro tawul ɗin daga cikin riga na ajiye a gefen tebur, a naɗe yadda baƙin ba zai fito sosai ba.

Na ba ta labarin likita a babban birninmu Kishinev, babban likita mai tabarau biyu, wanda ya haska bayana ya kama kai. Na ce ƙashin baya ne ya goce saboda zaman mota, ya hana ni ɗaga ko da kankana. Na ce ba don kaina nake tsoro ba, tsorona kar in saki akwatin a tsakiyar tudu ta gangaro ta riga mu komawa gida. Na jira dariya, ba ta zo ba. Ta tambaye ni wane gefe ne. Na dafa hagu. Ta ce da na shigo ƙofa dama na riƙe.

Na ce ciwon yawo yake yi. Na yi sauri na kawo zancen samarin nan masu fararen safar hannu, yadda suke tafiya a jere kamar sojoji. Ta ce ta gan su a jana'izar ƙauyen gaba, ɗaya yana taunar cingam. Ta ce wanda bai taɓa cin abincinta ba ba zai taɓa akwatinta ba.

"To ga motata, Matusha," na ce. "In kwantar da kujeru, in shimfiɗa darduma, ki tafi kamar matar minista. Ni injina yana mutuwa yana tashi. Kowace rijiya zan tsaya, har da waɗanda suka ƙafe."

"Wace motar? Wadda ka sayar?"

Akuyar tana gefe tana tauna, ta ɗago kai.

Ashe duk ranar Lahadi Raisa da Zinaida a benci ɗaya suke zama bayan coci. Raisa ta sayi labule, ta sayi matashin kai na biyu, ta nuna wa duk matan Frasinel da ke can, su kuwa sun fi waɗanda ke nan yawa. Tun kafin ranar sadakar Matusha ta sani. Ta ɗaura mini tawul ɗin tana sane, ta saurari bogdaproste ɗina tana sane.

"Duk Padova ta san za ka fara raba burodi bayan yankan inabi," ta ce. "A Frasinel ne kawai kake da ciwon baya."

Na sauke hannu daga ƙugu, don ya zama ba shi da aikin yi a wurin. Ban san lokacin da na fara faɗin gaskiya ba, abin da ban saba ba, shi ya sa ta fito a hargitse. Na ce ba fasinja. Na ce na gaji da dafa ƙwai ɗaya. Na ce in na shigo gari da mota yanzu ba wanda ke leƙowa ta taga, sai karen nan na kasuwa. Na ce na ji kunyar in ce mata a'a a gaban limami, yanzu kuma ina jin kunyar da ta fi waccan.

Ta ce ita ba ta ce kar in tafi ba. Ta ce tun tuni ta aika wa Raisa cewa miji ba kabeji ba ne da za a jiƙa a gishiri a ajiye a ɗakin ƙasa sai an buƙata. In tafi, in raba burodina. Amma Matei daga Ireland ya iso kafin a rufe ubansa, kuma Italiya ba ta kai Ireland nisa ba. Ranar da ta cika, Zinaida za ta kira ni, mu hau jirgi ɗaya.

Ta ɗauki tawul ɗin ta warware shi gaba ɗaya a rana, duk abin da na ɓoye ya fito. Ta daɗe tana kallon zakarun. Ta ce na Gavril duk haka suke komawa, shi da laka, ni da baƙin mai. Na ce a bari in sayo sabo a Italiya, mai laushi. Ta ce idonta ya daina ganin zare, huɗu ta saƙa, huɗu ne. Ta zagayo tebur, ta kama damtsena na hagu da yatsun nan masu rawayar taba, ta ɗaura, ta ja ƙullin har sai da na ji jini ya tsaya.

Da na yi shiru a nan, da na fita da ɗan sauran mutuncina. Amma bakina bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Na ce ta duba rundunar da ta tara: Onisim iska na iya ɗauke shi, Sava ƙafa ɗaya da rabi, Nikanor kuwa sai in ta yi dabara ta mutu da sassafe. Na ce nauyin duk a kaina zai sauka, ga tudu, ga shi shekaru sun fara ja, ko bayan nawa lafiya lau yake yau, wa ya san gobe.

Ta koma wurin zamanta, ta ɗauki zarenta ta yanki mamaliga, ta jefa wa akuya ɓawon.

"Trofim ɗan Vera," ta ce, "gari guda ka kwashe ka kai Italiya, ban taɓa jin ka ce wash ba. Sai ni da ban kai buhun masara ba ce zan karya ka?"